Ƙasar da Ake Ɗinke Cizon Doki

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya ba doki haƙori, ya ba ɗan Adam hankali, ya bar kowa da rabonsa. Ni ne Mantau ɗan Shekarau, mutumin Tudun Gawo, mai kunne ɗaya. Na taka ƙasashe, na sha ruwan rijiyoyin da ban san wanda ya haƙa su ba, na ci tuwon da ban san sunan hatsinsa ba. Amma duk inda na sauka, kafin a tambaye ni me na gani sai an tambaye ni ina ɗaya kunnen. To, kunnen yana ƙasar Zargumi, kuma ba shi ne babbar asarar da muka yi a can ba.

Mu biyu muka rage a gidanmu bayan rasuwar iyayenmu, ni da yayana Arzika. Ba ni da kowa sai shi. Shi kuwa yana da ni, yana da son doki, kuma ban taɓa tabbatar da wanne ne gaba a zuciyarsa ba. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, irin mutumin da in ka ce masa akwai rami a gaba sai ya je ya auna zurfinsa da ƙafarsa. Gadonmu duka jaki ne guda, mai taurin kai irin na mai shi. Ranar da wani falke ya sauka a garinmu ya ba da labarin dawakin Zargumi, waɗanda ba a saye ba a sayarwa, sai dai a ba mutum kyauta in doki ya zaɓe shi, a ranar Arzika ya soma ɗaure kaya.

Na ce, "Yaya, kyautar da ta kai doki, ai a tambayi abin da ke gindinta."

Ya ce, "Zauna ka yi ta tambaya. In na dawo na ba ka amsa daga kan sirdi."

Ban zauna ba. Na ɗora wa jaki mangala na bi bayansa ina ƙunƙuni.

Muka yi ta tafiya har damina ta same mu a hanya ta wuce ta bar mu. Muka haye Kogin Toka, wanda ruwansa ke gangarawa gabas da safe ya juyo yamma da la'asar, in mai kwalekwale bai san lokaci ba sai ya mai da kai inda ya ɗauko ka. Muka ratsa wani gari da ake gina ɗakuna da ƙashin kifi, inda kyanwoyi suka fi mutane ƙiba. Daga nan ƙasa ta buɗe, fili iyakar ganinka, ciyawa har ƙugu, ba gona ba bukka, sai bishiyoyin kuka jefi-jefi.

Da hantsi muka ji ƙarar kura. Kura ba ta fitowa da rana sai abin da ya fi ƙarfinta ya taso ta. Ta keto ciyawa a guje, a bayanta dawaki, ba kowa a kansu, kunnuwa a kwance, baki a buɗe. Na gaba ya cafki ƙeyarta ya ɗaga ta sama ya karkaɗa, wani ya kama ƙafar baya, suka ja ta rabu biyu a gaban idonmu. Ban taɓa zaton zan ji tausayin kura ba sai ran nan. Jakinmu, da yake bai taɓa yin abu a lokacinsa ba, sai ya ga yanzu ne ya dace ya buɗe baki.

Muka sake shi muka yi kan bishiya mafi kusa. Arzika ya cilla ni kan reshe, ya biyo baya. Daga sama muka kalli yadda aka yi da jakin, mangala kaɗai suka bari. Da suka gama suka kewaye bishiyar, suka soma gatsar gindinta suna ɓantaro ɓawo suna tofarwa, itacen kuka kuwa kowa ya san taushi gare shi. Na dubi Arzika, sai na ga bakinsa a sake, idonsa na ƙyalli.

"Dubi wancan akawalin," in ji shi, yana nuna wani baƙin ingarma mai jini a geza. "Mantau, dubi ƙirji."

"Ina gani, Yaya. A cikinsa za mu kwana."

Zuma ce ta cece mu. A kogon reshen da ke samanmu akwai saƙarta, ƙudan na ta shawagi. Na lulluɓe kaina da riga, na zura sanda na ɓamɓaro saƙar gaba ɗaya ta faɗa tsakiyarsu. Ƙudan zuma ba ruwansu da jarumi. Dawakin suka watse suna harbin iska, mu ma muka sha rabonmu, har idon Arzika ɗaya ya rufe. Muna saukowa sai muka ji ana fito da baki, mahaya suka ɓullo daga ciyawa suka kewaye mu, kowa da mashi.

Ba linzami ba ragama, da gwiwa da fito suke juya dabba. Kowannensu ya bar hannun dama a buɗe, a kansa akwai tabon haƙoran doki, sama da ƙasa, a jere tsaf kamar aikin hula. Babbansu gajere ne mai furfura a gemu. Ya ce sunansa Kwasau, shi ne Uban Garke, kuma baƙo a Zargumi hanya biyu gare shi.

"Ko ka shiga da'ira doki ya zaɓe ka, ko ka ɗauki lauje ka yi wa goɗiyoyi ciyawa har ƙarfinka ya ƙare."

Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, yaya doki ke zaɓa?"

Kwasau ya ɗaga hannu ya nuna tabonsa. "Da baki. Wanda ingarma ya ciza, ingarman nasa ne. A ɗinke cizon da izgar wutsiyarsa, a rufe yawunsa a ciki don jinin mutum da na doki su gauraya. Sa'an nan ka zauna a Rumfar Jira har ka warke. Ba wanki, ba kwancewa. Wanda ya taɓa ɗinki ya ƙaryata doki, sai a jefa shi ga ingarmu."

Na ce, "Wanda bai warke ba fa, ranka ya daɗe?"

"Doki ya so shi da yawa, ya tafi da shi. Babu mutuwar da ta kai ta daraja."

Ni dai na ce a ba ni lauje. Mahayan suka yi dariya, Arzika ya sunkuyar da kai don kunyar an haife mu ciki ɗaya.

Da'irar wani fili ce a bakin gari da aka kewaye da gumaguman itace, ƙasarta ta yi baƙi don jini. Ran da aka shigar da Arzika su biyu ne, shi da Barau, ɗan ƙanen Kwasau, magidanci mai fara'a wanda ya ɓara goronsa ya ba mu a ƙofa. Aka zare ƙyaure, ingarmu suka shigo suna haniniya. Wani fari ya bangaje Barau, ya cafki hannunsa ya ja shi a ƙasa. Arzika bai jira a zaɓe shi ba. Ya tafi kai tsaye wurin akawalin nan ya miƙa masa hannun dama kamar mai gaisuwa. Dokin ya kama tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ya ɗaga shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya jijjiga shi, daga inda nake tsaye na ji nama yana yagewa. Da ya sake shi, Arzika ya faɗi ya tashi yana dariya, jini na zuba ta yatsunsa. Mata suka ɗauki guɗa.

Mai ɗinkin cizo wata tsohuwa ce, Inna Tabawa, wadda hannunta ba ya rawa. Ta tsinko izga daga wutsiyar akawalin. Ta ɗebo kumfar bakinsa ta cusa cikin ramukan haƙoran, masu zurfi har ana hango farar jijiya. Ta haɗa bakin raunin ta bi shi da basilla ƙanana-ƙanana, ba ta bar ko kafar da ƙuda zai sa ƙafa ba, ta naɗe da fata ta ɗaure tamau. Gaskiya ɗinkin ya yi kyau, ban ga irinsa ba ko a wuyan riga.

Ni kuwa aka kai ni garken goɗiyoyi da laujena. Ban daɗe ba wata jar goɗiya mai tsohon ciki, wadda ta tsani duk abin da ke tafiya da ƙafa biyu, ta same ni a sunkuye ta gartsa mini cizo a cinya, ta ɓantari nama. Na zaci za a kira Inna Tabawa. Ashe a Zargumi cizon goɗiya abin kunya ne, mai shi ya ƙazantu, sunansa yasasshe, ba a ɓata masa izga. Aka kora ni da dorina har Tafkin Gishiri a bayan gari, aka tunkuɗa ni ciki, wai in wanke ƙazantata.

Ruwan ya shiga raunin kamar an zuba barkono. Na yi ihu har ni kaina na ji kunya. Wani mutum ya kamo ni ya fito da ni, rabin kumatunsa babu, haƙoransa a waje kamar kullum murmushi yake yi. Sunansa Jatau, a bakin tafkin ya tsufa.

"Ka yi ta shiga," in ji shi. "Safe, rana, yamma. Doka ce, sai ƙazantar ta fita. Kada kuma ka rufe shi, yasasshe ba ya ɓoye abin kunyarsa."

Jatau ba magani yake ba ni ba. Doka yake gaya mini, kuma ya yarda da ita kamar yadda Kwasau ya yarda da tasa. Cinyar ta kumbura ta yi zafi, ta yi ruwa, mugunya ta yi ta tsiyaya tana bin gishiri. Masassara ta kama ni ta sake ni. Sannu a hankali ramin ya soma cikowa daga ƙasa da jan nama, mummuna amma ba wari. Da hankalina ya dawo jikina sai na fara duban mutanen tafkin. Kowa da yagaggen tabonsa, wani a baya, wani a wuya, kamar kare ya yi wasa da tsumma. Amma ga tsofaffi, ga masu furfura, maƙabartarsu kuma 'yar ƙarama ce. Maƙabartar mahaya kuwa, wadda muke bi ta gefenta da dammunan ciyawa, ta fi garin girma, kuma ba ta rabuwa da ɗanyar ƙasa.

Shekaru bayan haka wani masani a wata ƙasa ya gaya mini cewa bakin doki cike yake da ƙwayoyin cuta, ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda haƙori ke turawa can cikin nama, kuma ba abin da suke so irin a rufe su a wuri mai ɗumi da iska ba ta shiga. A lokacin ban san wannan ba. Kaburbura kawai na gani, na kuma san inda yayana yake zaune.

Rumfar Jira a tsakiyar gari take, a buɗe ta kowane gefe don jama'a su ga juriyar masu jira, da masu gadi biyu a bakinta. Yasasshe ba ya shiga, amma hanyar garken goɗiyoyi ta gabanta ta bi. Ran da na iya taka ƙafa na ɗauko dami na biyo, tun kafin in iso wari ya tare ni. Barau ne. Hannunsa ya koma kamar turmi, baƙi ƙirin har kafaɗa, ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin fatar da aka naɗe. Yana ta kiran matarsa, alhali ga ta a tsugune a gabansa. Kafin in sauke damin ya shure ƙasa ya yi shiru. Sai ganguna suka tashi. Kwasau ya tsaya a kansa, idonsa ja wur, ya ce, "Doki ya tafi da ɗana." Aka yi guɗa, matar Barau ita ma ta yi, hawaye na gangarawa cikin bakinta.

Arzika yana jingine da ginshiƙi. Ya rame, leɓunansa sun tsage, gumi na keto masa alhali yana rawar sanyi. Yatsun hannun sun kumbura suna sheƙi, biyu sun soma baƙi, kaluluwa ta fito masa a hammata har ba ya iya sauke hannun. Na tsaya iyakar inda aka yarda wa irina.

"Yaya, ka kwance ɗinkin nan. Dubi cinyata. Ba wanda ya ɗinke ta, ga ni a tsaye."

"Ga ka a tsaye da damin ciyawa a ka."

"Ka dai ga Barau."

"Barau ba shi da ƙarfin jini. Ni jiya an kawo mini akawalin, ya sunkuyo ya shinshina kaina. Ya san ni, Mantau. Tunda aka haife ni ban taɓa samun abin da ya dubi mutane ya zaɓe ni ba."

"Ni fa?"

"Kai ƙanena ne, ba zaɓa ka yi ba. Wuce, kana jawo mini kunya."

Ban haƙura ba. Washegari na ɓoye gora cike da ruwan tafki a cikin damin, na gangarar masa da ita da ƙafa ta tsaya a gefensa. Na ce ko ba zai kwance ba ya tsiyaya ta ƙarƙashin fatar. Ya dubi gorar, ya dube ni, ya sa dunduniya ya fasa ta. Masu gadi suka bi ni da gindin mashi har sai da na daina ganin hanya sosai.

Da na farfaɗo na tari Inna Tabawa a hanyar rijiya na durƙusa. "Inna, ki dubi Allah ki sassauta masa, ko kafa ɗaya ce, mugunyar ta sami hanya."

Ta ja da baya kada inuwata ta taɓa ta. "Ɗan nan, mijina ni na ɗinke shi. 'Ya'yana maza ni na ɗinke su, kuma duka doki ya tafi da su. So kake ka ce mini hannuna ne ya kashe su?"

Na dubi fuskarta na ga ba amsa take nema ba.

Ta ce, "Ɗinkina ba ya kwancewa sai in goɗiya ta ciji mai shi ya ƙazantu, in farke abina in ƙona. Allah ya tsare ɗan'uwanka da wannan wulaƙanci." Ta ɗauki tulunta ta wuce. Har yau ban sani ba, gargaɗi ta yi mini ko hanya ta nuna mini.

Jar goɗiyar da ta cije ni ta haihu a kwanakin, dukushinta ko tsayuwa bai gama koyo ba. Goɗiya mai jego ko zaki ba ya raɓarta. Na san abin da ke raina zai raba Arzika da dokinsa, da darajarsa, wataƙila da ni. Na ji tsoro, na ji baƙin ciki, na yi ta neman wata dabara ban samu ba. Da na sake wucewa ta rumfar na ga baƙin ya haye wuyan hannunsa, yana hira da babanmu wanda ya rasu tuntuni.

Da safe ake kora goɗiyoyi zuwa ruwa ta gaban rumfar. Na bari sai da suka zo daidai, na yar da dami, na sungumi dukushin na saɓa a kafaɗa na zura da gudu ina ɗingishi. Ya yi ƙara, uwar ta amsa a bayana, na ji ƙasa na girgiza. Mai gadin farko ya kawo mini mashi ya yanki haƙarƙarina. Na biyu bai sami dama ba, goɗiyar ta bi ta kansa, na ji ƙashinsa ya karye kamar kara. Na faɗa rumfar na jibga dukushin a cinyar Arzika na mirgina gefe. Shi kuwa ya sa hannun hagu ya rungume dabbar, don haka Allah ya yi shi, ba ya ganin ɗan doki ya ƙi riƙewa. Goɗiyar ta kama shi a kafaɗar hagu, ta fizge shi daga ginshiƙin ta maka da ƙasa. Ta juyo ta harbe ni a ƙirji. Rumfar ta rufto, masu jira suka yi ta rarrafe suna ihu, sai da mahaya suka zo da igiyoyi kafin aka janye ta.

Aka ja mu gaban Kwasau. Ya nuna ni ya ce, "Wannan a jefa shi ga ingarmu, su yi masa abin da suke yi wa kura."

Da ƙyar nake jan numfashi, amma na ce, "Ranka ya daɗe, ni yasasshe ne, ga tabon a cinyata. In ingarma ya sa baki a namana bakinsa ya ƙazantu, duk wanda ya ciza daga yau ya zama irina. Garken naka ne, sai yadda ka ga dama."

Dattawa suka dubi juna suka soma gyaɗa kai. Kwasau ya ciji leɓe. Ya sauko da kansa, ya kama kunnena na hagu, ya zare wuƙa.

"Wuƙata dai ana wanke ta," in ji shi. Ya yanke kunnen daga tushe ya jefa wa karnuka. To, kun ji inda ya tafi.

Sa'an nan aka danne Arzika, Inna Tabawa ta warware fatar. Tana sa tsinin wuƙa ta tsinka izgar farko, raunin ya fashe da kansa, koriyar mugunya da baƙin jini suka feso har gaban zanenta. Mutane suka toshe hanci suka ja da baya. Naman ciki ya yi toka-toka, in an danna fatar gefe sai ta yi ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye. Tsohuwar ta daɗe tana duban abin da ke ƙarƙashin ɗinkinta. Ina jin wannan ne karon farko da ta ga cikinsa, domin a zamaninta goɗiya ba ta taɓa cizon mai jira ba, gawar mahayi kuwa da ɗinkinta ake binne ta. Sai wuƙar ta suɓuce mata ta faɗi, ba ta kuwa sunkuya ta ɗauka ba.

Arzika ya dawo hayyacinsa ana kora mu da dorina zuwa tafki. Ya dubi hannunsa a farke, ya dube ni ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." Wannan ce maganarsa ta ƙarshe gare ni a ƙasar Zargumi, kuma ta fi wuƙar Kwasau zafi.

Ni da Jatau muka yi ta tsoma shi a ruwa. Kafaɗar da goɗiya ta yaga ta bi hanyar cinyata, ta yi ruwa, ta soma tsabta. Hannun dama kuwa an makara. Gishiri ya wanke mugunya amma bai tayar da mataccen nama ba, baƙin ya ci gaba da hawa yana neman gwiwar hannu, masassara ta ƙi sauka. Mutanenmu kan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya fara faɗin haka bai zo Zargumi ba.

Jatau ya ce, "Ni ba na saran mutum. Amma ga gatari, ga wuta, zan kuma zauna masa a ƙirji."

Na ɗaure damtsen da igiya har ta nutse cikin nama. Na ɗora hannun a kan kututture, na sa laujena a garwashi ya yi ja. Arzika ya buɗe ido ya ga gatarin, ya gane. Bai roƙe ni ba, bai zage ni ba, ya juyar da fuska. Sara na farko bai raba ƙashin ba, sai da na ƙara. Na manna jan ƙarfen, ƙauri ya tashi, ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ya suma. Na zaga bayan bukka na yi amai, na yi kuka har muryata ta dushe. Ban ɗinke dungun ba. Na bar shi a buɗe, safe, rana, yamma muna tafki.

Masassara ta sauka. Ya soma shan kunu in Jatau ne ya ba shi, in ni ne sai ya kau da kai. Da ƙafafunsa suka iya ɗaukarsa muka sulale ta bayan tafkin, inda ƙasa ke da kaifin gishiri dawaki ba sa bi, ba kuma mai gadi, domin ba wanda ya damu da ɓacewar yasasshe. Jatau ya ƙi binmu, ya ce shi har yanzu bai gama wanke ƙazantarsa ba. Daga kan tudu muka hango da'ira ana kaɗa ganguna, akawalin ya ɗaga wani sabon mutum sama yana jijjigawa. Arzika ya tsaya yana kallo har aka janye mutumin, ni kuwa ban yi gigin cewa mu tafi ba.

Muka yi ta tafiya, shi a gaba ni a baya, bai ce mini uffan ba. Abin da muka samu a daji yakan juya mini baya ya ci da hagu, a ɓoye. Da muka kai wani ƙauye a gaɓar kogi, wata mata ta ga halinmu ta kawo mana tuwo da miyar kuɓewa a akushi, ta ajiye a zaure, ga dattawan ƙauyen zaune suna yi mana sannu. Arzika ya dubi akushin. Ya ɗaga dungun, don jiki bai manta ba, ya mai da shi. Na san ɗan Shekarau ba zai sa hagu a akushi a gaban dattawa ba ko da yunwa za ta kashe shi.

Na wanke hannu, na yanko loma, na dangwali miya, na miƙa ta saitin bakinsa. Ya ɗago ya dube ni, karon farko tun ranar dorina.

"Da ka ƙyale ni, da yanzu ina kwance cikin mahaya, an binne ni da ganguna."

"Da an binne ka, Yaya."

Hannuna na sama, miya na gangarowa har gwiwar hannuna, ban sauke ba. Ya daɗe yana duban lomar.

"Rage ta," in ji shi. "Wa ya ce maka bakin doki gare ni?"

Na rage. Ya buɗe baki ya karɓa, na sake yanko wata.